Irin Geron Malam

'Yata ta fari, wadda ke koyarwa a firamare, ita ce ke rubuta mini wannan, don ni ban san baƙi ba. Ita ce kuma ta taɓa gaya mini wai Turawa kalma ɗaya suke faɗa idan an tsamo mutum daga kogi, da idan an tara kuɗi a asusu, da idan an ajiye hoto a waya. Na ce mata lallai mutanen nan suna da rowar baki. Ceto da gudu ake yinsa, ajiya kuwa a zaune. Haka na ɗauka, har abin da zan faɗa ya same ni.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wani irin gero da ya gada wurin mahaifinsa. Zangarniyarsa doguwa ce, mai gashi, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta. Duk kaka Malam yakan zaga gona ya zaɓi manyan zangarku, ya ɗaure, ya rataye a madafi inda hayaƙi ke bugunsu don kada ƙwari su shiga. Ko ni ba na taɓawa.

Ya rasu bayan an gama girbi. Ranar sadakar uku gida ya cika da mata, ni ina ɗaki ban san inda kaina yake ba. Geron gumba ya gaza, wata daga cikin masu taya mu aiki ta ɗaga kai ta ga dami a rataye, ta sauke. Suka sussuke, suka daka, aka raba wa jama'a. Ba da mugunta suka yi ba. Sauran geron nasa da ke rumbu kuwa ya riga ya gauraye da na kasuwa da na sabon iri. Da na leƙa madafi na ga igiya kawai tana lilo, sai na ji kamar a ranar aka fita da gawar Malam.

Ina cikin takaba na tuna wata shekara da ƙanwarsa ta zo daga Gwaram, ta yi ta naci har ya ba ta 'yan zangarku. Daga ranar zama ya gagare ni. Ina fita takaba na ce wa 'yata ta raka ni tashar Birnin Kudu. A cikin bas ina ta ce wa direba ya ƙara wuta, har fasinjoji suna dariya, wani yana tambaya ko biki za ni. A nan na gane ashe ajiya ma tana sa tsohuwa gudu.

Da ni da 'yata muka isa Gwaram, muka sami ƙanwar tasa tana tankaɗe. Muka rungume juna muka yi kuka, sannan ta share ido ta dube ni.

"Matarmu, wannan haki fa? Ko wani tsoho ne ya biyo ki?"

Na ce, "Bar wasa. Geron da yayanki ya ba ki, yana nan?"

"Wane gero? Wanda sai da na yi kamar zan durƙusa kafin ya ba ni?"

"Shi."

Ta ce ba ta taɓa shuka shi ba, domin mijinta ya ce shi ba ya son gero mai soke hannu wajen yanka. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da wata 'yar gora an toshe bakinta da tsumma. Ta zazzage a faifai, ga gero nan cikin toka, bai fi tafi biyu ba.

Ta ce, "Rowarsa ce ta sa na kasa ci. Amma ya daɗe fa, ban sani ba ko da sauran rai."

Na ƙulle shi a gefen zanena, ban yarda an sa a jaka ba. Da muka dawo na ɗebi 'yan ƙwayoyi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na tura gindin randa inda ke da sanyi. Kullum sai na je na tsaya, in kai hannu in fasa. Na roƙi Allah, na kuma roƙa.

Wata safiya na daure na buɗe. Fararen saiwoyi ne sirara sun huda tsumman. Ba duka suka fito ba, amma fiye da rabi. Na fito tsakar gida da gudu ba ko ɗankwali, ina kiran surukata matar ɗana, ina dariya hawaye na zuba, har ta ɗauka kunama ce ta harbe ni.

Da ruwan shuka ya sauka, na hana ɗana ya kai shi babbar gona. A bayan gida muka shuka, inda zan riƙa gani daga ƙofa. Shi yana sara, ni ina jefawa ina rufewa da ƙafa, ƙwaya kaɗan a kowane rami. Yanzu ya fi ni tsawo, ya fitar da kai, gashin nan ya fito sosai. Jiya na zauna ina kallon tsuntsaye suna zuwa suna shawagi a kansa suna komawa.