Daƙiƙa Ukun da Muka Goge wa Nasiru

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, Allah ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma bana raina a ɓace yake, kuma da kaina nake fushi kafin kowa.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma mai tarakta biyu, da ke yi wa mambobinta huɗa daga Malumfashi zuwa Dayi har Gozaki. Dokarmu ɗaya ce: ranar da layi ya zo kanka, in direba bai same ka a gona ba, ka koma ƙarshe. Nasiru, da ya koyi aikin kwamfuta a Funtua, shi ya haɗa mana shafin da kowa ke buɗewa a waya ya ga ranarsa. Shafin da kansa yake ɗauko sunaye, gari bayan gari. Sai dai in na Malumfashi sun iso, sai ya dakata daƙiƙa uku kafin ya nemi na Dayi. In sabis ya yanke, ya ninka jiran, sannan ya sake gwadawa.

Wannan jira ya jawo masa tsiya a wurina. Malam Dakata nake kiransa, ina cewa mun kai shi makaranta ya dawo yana koya wa inji yin nawa. Ba mai musu ba ne. Sau ɗaya ya taɓa tanka mini, muna tsaye bakin injin niƙa.

"Yaya, in ka juye wa injin nan buhu gaba ɗaya, gari zai ba ka ko hayaƙi?"

Ya ce na'urar da ke riƙe da sunayen ƙarama ce, sabis kuma a ƙauye sai a hankali, ga shi ruwan farko na sauka kowa zai buɗe shafin lokaci guda. Dole kowace waya ta jira amsa, ta ɗan huta, kafin ta sake tambaya. Na yi dariya na wuce.

Bana shugabanmu ya kawo wasu 'yan kamfani daga birni. A ofis mai sanyi suka nuna mana sabon shafi, sunaye na fitowa kafin ƙiftawar ido. Suka ce wanda ya yi tsohon bai ƙware ba, ya cusa jira babu dalili. Nasu yana neman dukkan garuruwa a tare, yana maimaitawa kowace daƙiƙa, ko amsa ta zo ko ba ta zo ba. Ina zaune aka kira ƙanena wanda bai ƙware ba. Ni kuwa na tafa, na sa hannu a takarda.

Ruwa na sauka, sauri ya haifi nawa. Kwana huɗu shafin yana juyi, ba ya nuna komai. Muka kira 'yan kamfanin, suka ce laifin sabis ɗin ƙauyenmu ne. Da can a ina suke zaton manoma ke zaune?

Baba Ɗanlami na Gozaki dattijo ne, 'yarsa ce ke duba masa waya. Tarakta ta je gonarsa ranar da ya tafi asibiti Malumfashi, domin bai san ranarsa ba ce. Aka mai da shi ƙarshe, sai bayan mako uku. Ya zo ofis, bai ɗaga murya ba.

"Malam sakatare, ai da shafin yana fitowa, ko da a hankali ne."

Da Nasiru na raye, na san ba zai yi mini gori ba. Zai zauna ya gyara, wannan kuwa shi ya fi ƙona mini rai.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, babu allon da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya bari 'yan layukan umarnin kwamfuta ne da suka san talaka da ƙaramar wayarsa, suka yi fiye da shekara shida suna aiki ba wanda ya gode musu. Na samo su a tsohuwar kwamfutarsa, an mayar da su, shafin ya dawo da nawarsa, kowa yana ganin ranarsa.

Damina dai ba a mayar da ita. Jiya na bi ta Gozaki. Masarar maƙwabta ta yi goyo, ta Baba Ɗanlami ko gwiwa ba ta kai ba. Ya ɗago daga kan fartanya ya gaishe ni da fara'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.