Abin da Aka Zuƙo daga Zuciyar Mu-Gani

Matso nan, jikalle, tunda kin tambayi ɗan tabon da ke wuyan hannun ƙanena. Ke kin taso kin ji ana ce masa Mu-Gani, kin zaci sunan yanka ne. Ina. Tun yana rarrafe, duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ga cikinsa. Agogon babanmu ma bai tsira ba.

Da ya girma sai ya zama mai gyaran keken ɗinki, a ɗan shagon nan da warin mai ya kama har bango. Halinsa ɗaya: in ya gama gyara, sai ya tsinto abin da ya tsayar da keken, guntun allura ne ko dunƙulen zare, ya ɗora wa mai shi a tafin hannu. Wai gyaran da ba a ga mai laifi ba, lallashi ne kawai.

To, wata rana da hantsi na leƙa shagon, na tarar da shi zaune a ƙasa ya dafe ƙirji, yana murza hannun hagu, gumi na tsiyaya.

Ya ce, "Yaya, ƙwannafi ne."

Na ce, "Ƙwannafin gidanku. Shi ke sauka har hannun hagu?"

Ya ce, "Gidan namu ai ɗaya ne."

Telan da ke kusa da shi ya kai mu asibiti. Likitar wata doguwa ce mai tabarau. Ta ce jini ne ya daskare ya toshe jijiyar da ke shayar da zuciya, kuma muna tsayen nan naman zuciyar mutuwa yake yi. Za su zura siririn bututu ta wuyan hannu su zuƙo gudan.

Ni dai abin ya ɗaure min kai. Ina hannu, ina zuciya? Shi kuwa ɗan nan sai ya janye hannunsa ya soke a hammata.

Ya ce, "Ba mai buɗe ni ina barci. In ba zan gani ba, a mai da ni shago."

Leɓɓansa fa har sun yi toka. Na ce, "Kai, maganar ranka ake, ba keke ba."

Likitar ta sunkuyo ta ce, "Baba, wa ya ce za ka yi barci? Hannun kawai za mu kashe. Ga allo nan gefenka, ka sha kallo."

Ya ce, "Kuma za a nuna min gudan?"

"In ya fito. Ba ni hannun yanzu."

Sai ya miƙa.

Ni a benci aka bar ni, rungume da takalmansa. Sauran daga bakinsa na ji. Wai a allon jijiyoyin kamar saiwar bishiya suke, ɗaya ta gutsure a tsakiya. Aka ja sirinji, aka sake ja, sai ya ga saiwar ta cika har ƙarshe, dutsen da ke kan ƙirjinsa ya sauka. Suka sa wata 'yar raga ta tokare wurin.

Sannan suka tace jinin a 'yar rariya suka kawo masa dab da hanci. Ja ne mai duhu, bai fi guntun zaren da tela ke cizgewa da haƙori ba.

Ya ce, "Wannan ɗan abin?"

Ya buɗe tafin ɗaya hannun a ɗora masa, suka hana. Har yau yana mitar ba su iya sallamar mai kaya ba.

Ni kuwa hanyar ce ta tsaya min a rai. Nakan danna wuyan hannuna in ji abin yana bugawa, in ce ashe daga nan akwai titi har can.

Tashi ki kai masa maganinsa, ya sake mantawa da shi a kan taga.