Gida Ɗaya Kowace Safiya

Shekarar da ciwon ya fi matsa mini, a kan kujerar roba nake sallah. Wannan ya fi ciwon kansa ci mini rai. Ni da na taso a Dudunni ina surfe da daka kafin hantsi, sai ga ni a gidana na Kankia ina ɗan sunkuyar da kai, wai na yi sujada. Na san addini ya yi mini rangwame, amma goshina kewar ƙasa yake yi.

Ciwon ba shi da mazauni. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi ko zanen da na ɗaura zafi yake mini. Da safe in tashi kamar an kwana ana kirɓa ni a turmi. An ɗebi jinina har na gaji da miƙa hannu, kowace takarda ta ce lafiyata lau. Sai a wani asibiti a Katsina wata likita ta saurare ni da kyau, ta daddanna jikina, ta ce sunansa faibromayaljiya, kuma mata ya fi kamawa. Ta rubuta magani, ta ce in riƙa tafiya da ƙafa kullum, kaɗan-kaɗan, don yawan kwanciya ƙara sandarar da jiki yake yi.

A lokacin yayata ta baro Dudunni ta tare a wurina tana jinyata. Ita ta goye ni ina ƙarama, kuma har gobe kallon goyo take mini. Ta ƙwace tsintsiya, ta ƙwace ludayi, ko buta ba ta bari in ɗauka. Da na faɗa mata maganar likita, sai ta riƙe haɓa.

"Tahiya ina? So kike a ce na zo jinya na kasa, na koro ki titi? Kwanta don Allah."

Tana da gaskiyarta. A wurinmu mace mai shekaruna ba ta fita haka kawai. Kafin ki kai bakin layi mutum biyar sun tambaye ki ina zuwa, in kuwa kika ce jiki kike motsawa, sai a fara zargin ciwon ya hau kai.

Sai na tuna zagayen godiya. Wanda ya sha jinya yakan bi gidajen waɗanda suka zo duba shi ya yi musu ban-gajiya. Wannan kam Yaya ba ta da bakin hanawa, don rashin yinsa ne abin kunya.

Ranar farko na tafka kuskure. Gidajen a jere suke, kuma ba a shiga wannan a tsallake wancan, sai a ce kin raina mutane. Na shiga na farko, na ga ƙofar na biyu a buɗe. Haka na yi ta yi har gida tara. Na dawo ina jan ƙafa, na kwanta kwana huɗu, sallar kujerar ma ta gagara, sai a kwance. Yaya man zafi kawai take shafa mini, fuskarta a ɗaure. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A rana ta biyar na fashe da kuka. Na ce, "Yaya, ni ba warkewa nike nema ba. So nike in ƙara sa goshina ƙasa kahin in mutu."

Washegari da safe sai na gan ta da hijabi, riƙe da takalmana.

"Tashi. Gida guda, ba ƙari. Wanda ya ji haushi ya zo ya same ni."

Haka muka yi. Mu shiga gida ɗaya mu fito, ita kuma ta leƙa na kusa ta ce, "Gobe naku ne, ni na hana ta." Da gidajen layinmu suka ƙare, muka koma na bayan kasuwa, tafiyar ta ƙara tsawo ba tare da na lura ba. Damina ta zo ta wuce muna zagaye. Ciwon bai tafi ba, har yau yana nan, akwai ranakun da ko zaure ba na kaiwa. Amma barci ya fara zuwa, gwiwoyina suka saki.

Wata la'asar na ture kujerar gefe na tayar da sallah a tsaye. Na sauka a hankali, hannu kafin gwiwa. Da goshina ya taɓa tabarma, na ji ƙamshin kaba, sai na ji ba na son ɗagowa. Na daɗe a haka har Yaya ta zabura tana salati, a zatonta na ƙage. Na ji hannuwanta a hamatata za ta ɗaga ni. Ba halin in yi magana, sai na ɗan ɗaga murya da tasbihi. Hannuwan suka tsaya, sannan suka janye a hankali.

Da na yi sallama na waiga, sai na gan ta zaune a kan kujerar tana tsintar wake, tana share ido da gefen ɗankwali.

Ta ce, "Kujerar ga ta yi mani daidai. Ranar da kike so, sai ki ara."