Kwalbar da Na Binne a Dogon Dawa

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana Salihu, kuma ni na yi kuskure. Ban taɓa faɗi a fili ba sai yau.

Manomi ne a Dogon Dawa. Ciwon kai ya kama shi, sai farfaɗiya, sai hannun dama ya daina riƙe fartanya. A wani asibiti a Kaduna aka buɗe kansa, aka yanko ɗan nama kamar ƙwayar wake daga wani ƙari da ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Likita ya sa naman a kwalba, ya ce in kai Zariya a duba, domin wani ƙarin daji ne, wani kuwa magani na narkar da shi. Sai an gani za a san abin da za a ba shi.

Ban kai ba. A ganina naman ɗan Adam ba kayan miya ba ne da za a yi ta yawo da shi a mota. Na koma gida na binne kwalbar a gindin ɗorawar gonarsa, har da addu'a. Na ce wa likita ta fashe a hanya. Salihu bai da ƙarfin a sake yanka shi. Aka yi ta magani a kan zato, bai ga girbi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ƙaryar da saninta na yi.

'Yarsa Hajara yanzu a ɗakin gwaje-gwaje take aiki. Bana ta sa ni na leƙa madubin da suke duba nama. Ta ce akwai sabon rini da ke kama wasu siraran zare a cikin ƙwayoyin halitta. In zaren ya rinu, sun gane daga inda ƙarin ya tsiro. Na ga su, ja-ja kamar saiwar gero. Da Salihu na nan, shi da ke tona ƙasa ya ga abin da ya ci masa doya, da sai an janye shi daga madubin nan. Wannan son ganin tushen abu shi ya bar wa 'yarsa.

Ta ce, "Baffa, da kwalbar Baba ba ta fashe ba, da ko a wancan lokacin an gane wani abu."

Na ce, "Hajara, ba ta fashe ba. Ni na binne ta, na yi muku ƙarya ke da uwarki. Ki yafe mini."