Kakar da Inna ta raba hatsin yayana

Inna ta yi shekarunta na ƙarshe a wurina, a Dogon Dutsi. Ni na ɗauko ta daga ƙauyenmu, can wajen Guéchémé, sa'ad da ƙafafunta suka kasa kai ta ko bakin rijiya. Ina aikin ungozoma a lokacin, gidana na siminti ne, akwai pampo a tsakar gida, akwai wuta in ba a ɗauke ba. Na zaci za ta ji daɗi. Takan zauna dai a kan tabarma ta dubi ruwan da ke zuba ba guga ba igiya, ta ce, "Ku kam kun huta." Amma shinkafa ba ta taɓa shigar mata rai ba. In na kawo mata, sai ta ci loma biyu ta ture kwanon, ta ce abincin da ba ya kwana a ciki ba abinci ba ne.

Sannu a hankali tunaninta ya fara gauraya. Takan tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona, alhali Baba ya rasu tun ina goyon ɗana na fari.

Baba manomi ne na gaske. Gonarsa, in ka tsaya a wannan gefe ka yi kira, wanda ke wancan gefen ba ya jin ka. Itatuwan gawo ne a cikinta birjik, da rani Fulani su sauka da shanunsu su bar mana taki, mu ba su hatsi, su ba mu nono. Ba mu da takalma, rigata ɗaya ce, kuma ƙannena biyu ƙyanda ta kwashe su cikin wata guda don babu likita kusa. Ba zan ce zamanin daɗi ne zalla ba. Amma ban taɓa ganin gindin rumbun Baba ba. Hatsin bana kan tarar da na bara. In an gama ɗaurin dammuna kuwa, kafin a zuba ko ɗaya a rumbu, sai Inna ta zauna bakin ƙofa tana faɗi ana ɗauka: wannan na maƙeri, wannan na wanzami, wannan na liman, waɗannan na matan da mazansu suka mutu. Wannan aikin nata ne, Baba ba ya sa baki.

Bayan rasuwarsa aka raba gonar tsakanin maza, mu mata aka ba mu ɗan abin da ya samu. Yayana, babbanmu, shi ya zauna a gidan. Nasa rabon ma sai da ya yanka wa 'ya'yansa da suka yi aure. Gawon an sare, ƙasar ta gaji, ba a barinta ta huta ko shekara ɗaya. Gidan dai yanzu da rufin kwano, kowane saurayi da wayarsa, akwai babur jingine a zaure. Hatsi kuwa kafin zafi ya kama ya ƙare, sai awon tiya a kasuwa.

Wata kaka Inna ta tashi da rigimar sai an kai ta gida. Ta ce an yanke hatsi, ba za a zuba a rumbu ba ta nan ba. Na yi ta lallashi, ta daina cin abinci. Na kira yayana na gaya masa, ya ce, "Kawo ta. Gidanta ne."

Mun shiga motar kasuwa, inda hanya ta ƙare aka tarye mu da amalanken jaki. Tun daga nesa take duban gonaki tana tambaya ina itatuwan suka tahi. 

Mun tarar an tara dammunan a bayan gida. Damina ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke cikin fidda kai. Abin da na gani, a zamanin Baba ba zai wuce na sadaka ba. Matar yayana ta ja ni gefe ta ce mini, in an yi tattali zai kai su watannin sanyi, iyakarsa ke nan.

Washegari da hantsi Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Yayana ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, "kai" take ce masa ko "wannan". Ta dubi tarin ta ce, "Kai, ina sauran? Ba a gama kwasowa ba?"

Ya durƙusa a gabanta, mutum mai furfura. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya ce, "Ana nan ana kwasowa, Inna."

"To a fara da wannan. A kai na maƙeri."

Na matso na ce, "Inna, bari a huta tukuna, rana ta yi."

Ta ce, "Ke 'yar lakwal, mai karatun boko, mi kika sani cikin wannan? Hatsin da ba a fidda hakkin mutane ba, ba ya albarka."

Yayana ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, wato in bari. Ya kira babban ɗansa ya ce ya ɗauka. Yaron, wanda shi ma magidanci ne da 'ya'ya, ya tsaya bai motsa ba. Uban ya sake faɗa a hankali. Ya sunkuya ya ɗauki damin ya fita, bai dubi kowa ba.

Haka ta yi ta faɗi. Rabin waɗanda ta ambata sun mutu da daɗewa, sai a kai wa 'ya'yansu ko jikokinsu. Maƙerin ma jikansa gyaran babur yake yi. Fuskarta ta washe, muryarta ta dawo irin ta da, har tana faɗa wa yara su riƙe dami da kyau kada zangarniya ta zube. Tun da na ɗauko ta ban gan ta haka ba. Matar yayana kuwa ta shige ɗaki ta saki labule.

A raina na sa cewa mutane za su gane, su maido da hatsin ta bayan gida in tsohuwa ta kwanta. Mace ɗaya ce ta yi haka. Sauran sun riƙe, suka aiko yara da godiya. Ban ga laifinsu ba, na shiga wasu gidajen na ga abin da ke cikin tukwanensu.

Da yamma na sami yayana a zaure yana gyaran igiyar jaki. Na ce masa, "Yaya, da ka gaya mata gaskiya."

Ya ce, "In ce mata mi? In ce gonar mijinta ta kasa ciyar da gida ɗaya?" Ya ci gaba da murza igiyar. Can ya ce, "Ita ta ga ƙoshi. A bar ta da abin da ta sani."

Na ce zan riƙa aiko da abin da na iya. Ya ce Allah ya saka, amma ni ma ina da nawa a kaina, ga 'yan makaranta, ga maganin Inna. Gaskiya ya faɗa. Albashina kan ƙare kafin wata ya ƙare.

Muka koma Dutsi. Ba a daɗe ba na ji yayana ya tafi ci-rani, ya tsallaka iyaka zuwa Kabi. Baba bai taɓa kwana a wani gari don neman abinci ba, shi ma yayana rabonsa da ci-rani tun yana saurayi. 'Ya'yansa biyu sun riga shi fita, ɗaya wajen haƙar zinariya a arewa, ɗaya can bakin teku, ba wanda ya aiko da abin kirki. Sai ga shi da tsufansa yana tura kurar ruwa a garin mutane, yana kwana a rumfar kasuwa.

Ya biyo ta wurina a kan hanyarsa ta komawa, gab da faɗuwar ruwa. Da ƙyar na gane shi a bakin ƙofa. Wuyansa ya zama siriri, yana tari mai zurfi, tafin hannunsa duk ya tsage. Ya kawo wa Inna goro da turmin atamfa mai araha. Ta karɓa ta shafa, ta dube shi da kyau, ta tambaye ni wane ne wannan baƙon. Na ce ɗanta ne. Ta ce a'a, nata yana gida yana tsaron rumbu. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Inna, shi ya aiko ni."

Ta rasu cikin wannan daminar. Tarin yayana bai sake shi ba har yau, noma ma sai dai ya zauna a gindin kalgo yana nuna wa jikoki. Kwanan baya ya kira ni ya ce wani ɗan kasuwa daga nan Dutsi yana son sayen gonar, babban ɗansa kuma ya matsa a sayar a saya masa mota ya riƙa jigila. Ya tambaye ni shawara. Na ce masa ban sani ba, shi ma ya ce bai sani ba, muna kan haka layin ya yanke.