Hannun da Ya Kaɗa Jitar

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma abin da bakina ya jawo a kan faifan wani tsohon mawaƙi, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a Kontagora. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, kuma tun a lokacin na kamu da son wani mawaƙi ɗan ƙasarmu, mai kiɗan rok da jitar lantarki, irin kiɗan nan mai ƙara da ke sa ƙirji rawa. Da Hausa yake waƙa, Hausar da ke da ɗan karin Dukanci, harshen Dukawan yankinmu, wani lokaci ya jefa baiti ɗaya da harshen uwarsa. Mu masoyansa Baba kawai muke ce masa. A zamanin ƙuruciyarsa, in ya saki jitar nan sai ka ce hadari ne ya taso daga gabas. Daga baya ya yi shiru shekaru masu yawa, ya koma gona a Tungan Magajiya, har wasu suka ɗauka ya rasu.

Sai ga shi da furfura ya koma situdiyo. Ya fitar da faifai uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗannan ukun su suka raba kanmu. Shagona ne matattarar masoyansa, ga kuma guruf da muka buɗe a waya, har da direbobi da 'yan kasuwa na Rijau da Sahon Rami. Faifan farko, wasu suka ce wa'azi ne aka sa wa ganga, babu abin rawa ko ɗaya. Na biyu, aka ce muryar ta dushe, jitar kuma sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Masu kare shi suka ce ai murya ce da ta ga duniya, wanda ya haura saba'in ba zai yi ihun ɗan ashirin da biyar ba. Shugaban masu kare shi wani dattijo ne, tsohon hedimasta, aminina duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Kullum bayan la'asar yana kan bencin shagona, muna musu kamar za mu cinye juna, magariba ta yi mu tafi masallaci tare.

Da na ukun ya fito, musu ya mutu. Jitar ta dawo! Waɗanda suka yi ta kushe biyun farko su suka fi kowa murna. Direbobi suka riƙa sa shi a tasha, ana cewa zaki ya farka. Ni kaɗai na kasa murna. Na sa faifan a babbar sifikar shagona, na maimaita, na sake maimaitawa, wani abu yana cizona a rai. Na ɗauko tsofaffin kaset ɗinsa na jera. Baba mai nauyin hannu ne, in zai canja wuri a wuyan jita kana jin yatsansa na goge tsirkiya, ƙiiit, kuma kullum yakan ɗan makara a bayan ganga, kamar mai tafiya yana jan takalmi. A sabon faifan babu wannan ƙarar, babu makarar. Hannu ne mai sauƙi, mai tsabta, yana faɗawa daidai kan kiɗa. Kwana huɗu na yi ina juya maganar, ko tuwo ba na jin daɗinsa. Matata ta ce, "Wai lafiya? Ka zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

Ranar ta biyar, benci cike da mutane, na ce, "Wannan jitar ba Baba ya kaɗa ta ba."

Hedimasta ya cire tabarau, ya dube ni. "Ƙanena, ka ji tsoron Allah. Kana wurin aka ɗauka?"

"Ba na wurin, Yaya, amma kunnena na wurin. Shekara talatin da wani abu ina cin abinci da kunnen nan."

"To ka ji, ka bar wa cikinka."

Da na ji maganarsa da na huta. Amma ni a lokacin ji nake babu wanda ya san Baba kamar ni, kuma an yaudare mu, mu da muka riƙe shi lokacin da duniya ta manta da shi. Na ɗauki waya a gaban Hedimasta, na yi saƙon murya mai tsawo, na sa tsohuwar waƙa da sabuwa kusa da kusa, na nuna bambancin, na tura guruf. Hedimasta ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko sallama bai yi mini ba.

Magana zarar bunu. Kafin sati ya zagayo saƙon ya fita daga hannuna. Wani fasinja ya kawo rediyo gyara, ya kunna mini muryata a wayarsa, bai ma san ni ne ba. Guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce hassada ce ke cin mai gyaran rediyo, wasu suka ce dama sun yi zargi, wasu suka ce na'ura ce ta yi kiɗan. Masu zafin kai suka ce dole Baba ya fito gaban jama'a ya kaɗa a gani, wasu kuma suka fara sintiri wurin mai situdiyo, sai ya faɗi wanda ya shiga ɗakin ɗaukar. Ni kuwa na rasa sukuni. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru in ɗauka in duba. Na ƙona rediyon wata baiwar Allah da ƙarfen soda, mai zafin nan da muke liƙa wayoyi da shi, saboda hankalina ba ya jikina. Gefen bencin da Hedimasta ke zama kuma babu kowa, duk da shagon ya fi da cika.

Wata ranar Laraba wani direban Rijau ya tsaya ƙofar shagona, bai ko kashe mota ba. "Baba ya ce in ce maka yana son ganinka."

Washegari da safe na shiga mota. Damina ce, hanya duk ramuka da ruwa, masara ta yi kore shar hagu da dama, amma ban ga kyanta ba. Ina ta shirya abin da zan faɗa, in shirya in rushe. Sau biyu na yi niyyar cewa a sauke ni in koma.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame fiye da hotonsa na bayan faifai, ya rufe cinyarsa da mayafi. Na durƙusa na gaishe shi. Shekara nawa ina mafarkin ranar da zan zauna gabansa, ga ta ta zo a haka.

"Kai ne mai kunnen?" in ji shi.

"Ni ne, Baba. A gafarce ni."

"Tukuna." Ya yaye mayafin, ya sa hannun dama ya ɗago na hagu, ya ajiye shi a gwiwa kamar kayan wani. Yatsu uku sun lanƙwashe cikin tafi, sauran biyun na karkarwa. "Hawan jini ya buge ni a gona, kafin faifan farko. Biyun can da kuka ce jita ta mutu, da yatsu biyu na yi su. Kafin na uku su ma suka ƙi. Kunnenka bai yi ƙarya ba, ɗana."

Ba zan ɓoye ba, wani daɗi ya ratsa ni a wannan lokacin. Ashe na yi daidai! Har na fara hango fuskokin masu zagina. Yau in na tuna wannan daɗin kunya nake ji.

Ana haka wata mata ta yi sallama ta shigo da kwanon kunu. Za ta kai talatin da biyar, da hijabi ruwan toka, da goyo a baya. Ta ajiye, za ta juya, Baba ya ce, "Zauna, uwata. Ga mutumin." Sannan ya dube ni. "Ga mai jitar."

Na juya na dube ta. 'Yarsa ce, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Kontagora, layi uku kacal tsakanin gidan aurenta da shagona. Tun tana ƙarama take ɗaukar jitarsa in ya tafi gona, ya gano, ya koya mata a cikin gida. Da ta ga waƙoƙi goma a bakinsa babu hannun da zai raka su, ta roƙi mijinta. Mijin ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji, domin mahaifinsa malami ne da ake girmamawa a gari, ba zai ɗauki labarin surukarsa a situdiyo da jita ba.

"Kwana tara ke nan ina nan gidan," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba. "Da aka fara zuwa wurin mai situdiyo, maigidana ya ce in zo in zauna har ƙura ta lafa. 'Ya'yana biyu na can, kullum suna tambaya. Malam, don Allah me ka samu?"

Na kalli kwanon kunu, na kalli bango.

"Ni ban nemi suna ba," ta ci gaba. "So nake ya ji waƙoƙinsa a kammale tun yana da rai." Ta gyara goyonta, sannan a karon farko ta ɗago ido. "Kiɗan ne bai yi ba?"

"Wallahi ya yi," na ce. "Ya fi ƙarfin a ce ya yi. Abin da ya tona shi ke nan, babu kuskure ko ɗaya."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ka ji! Ni da kuskure aka san ni." Da tarin ya lafa ya ce, "Ni ma da laifina. Ban rubuta a bayan faifai cewa ni na kaɗa ba, amma na ji ana yabona na yi shiru, yabon kuma ya yi mini daɗi. Wannan tsakanina da Allah ne. Ban kira ka don ka yi ƙarya ba. Na kira ka ka gani da idonka, tunda ka ji da kunnenka. Abin da za ka yi da shi, ya rage naka."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Gaskiyata na hannuna, kalma biyu za su wanke ni a gaban duk wanda ya kira ni mahassadi, kuma kalma biyun nan za su iya kashe auren matar da ba ta taɓa yi mini komai ba. In kuma na ce Baba ne ya kaɗa, na yi ƙarya. Har muka shigo gari ban tsayar da magana ba.

Direban da ya kawo mini saƙon Baba ya riga ya baza labari, na tarar da shagona maƙil. Tun kafin in buɗe ƙofa aka fara: "Ya aka yi? Ya kaɗa a gabanka? Wa ya yi kiɗan?" Na tsaya da makulli a hannu. Na ce, "Jama'a, na je, na ga Baba, na roƙe shi gafara. Na yi magana a kan abin da ban da hurumi a ciki. Na janye, kuma ba zan ƙara cewa komai ba." Na maimaita haka a guruf, kalma da kalma.

Kowa ya fassara yadda ya so, akasari suka ce Baba ya kaɗa a gabana na ji kunya. Aka yi mini dariya son rai. Wani ya ce in kai kunnena gyara tunda ni mai gyara ne, aka laƙaba mini "Kunnen Roba", sunan da ya bi ni shekaru. In ana musun waƙa na sa baki, sai a ce, "Kai dai yi shiru." Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don a duniyar nan ban da digiri ban da dukiya, kunnen nan kaɗai nake taƙama da shi. Amma tunda mai tuhuma ya janye, masu sintiri suka gaji, magana ta bi ruwa. Bayan mako biyu na hango 'yar Baba ta wuce ta bakin layinmu da farin kayan aiki, 'ya'yanta biyu na riƙe da hannunta.

A ranar ne Hedimasta ya dawo. Ya zauna, can ya ce, "A motata aka kai ta situdiyo, sau shida. Ni nake riƙe jaririn a waje."

"Yaya! Me ya hana ka faɗa mini?"

"Amana ce. Kuma na faɗa maka iyakar abin da zan iya, ba ka ji ba."

Baba bai sake yin wani faifai ba, ya rasu bayan damina biyu. Surukin 'yar tasa ma ya riga mu gidan gaskiya, kuma da na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kada in kama suna. Har gobe masoya na musu a kan faifan nan uku, wasu na cewa na biyu ne ya fi ratsa zuciya, wasu na rantsuwa da na uku. Ina saurare, ina aikina.

Abin da na koya shi ne, mutum na iya yin daidai ya kuma yi ɓarna a numfashi ɗaya. Na iya gane hannu a cikin kiɗa, amma ban tsaya na tambayi kaina me ya sa aka ɓoye hannun ba, ko wa zai ji ciwo in na tona. Tun daga lokacin, in na gano wani abu a kan mutum, nakan fara tambayar kaina: wannan gaskiyar tawa ce, ko ta wani ce ta faɗo hannuna? In ta wani ce, sai in je wurin mai ita tukuna, kafin in je wurin jama'a.