Jan Fentin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin dabbobi ne har ya yi ritaya. Aikinsa yi wa tumaki da shanu allura, daga wannan gona zuwa waccan, kuma duk a ƙafa. An taɓa ba shi babur daga ofis, ya jingine shi a rumfa, kaji suka mai da shi wurin kwana. Gidansa na bakin daji, kuma tun rasuwar matarsa ba mai motsi a ciki sai shi da rediyo. Kullum da safe yakan ratsa dajin, ya bi ta gonaki, ya shiga ƙauye wurin amininsa mai aski su sha musu, sannan ya juyo.

Ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya daɗe yana son mai da shi birni. Kawu ya ce ranar da ya kasa kai kansa ƙauye ya dawo, a zo a kwashe shi, kafin nan kowa ya ji da abin da ke gabansa. Da Yaya ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tsohon ya fara karo da kujeru, sai ya turo ni in gano masa. Na tafi ne da haushina, don na tsani leƙen asiri, balle a kan mutumin da ya sha ɗora ni a wuya.

Na tarar ciwon baya ya kwantar da shi 'yan kwanaki, amma washegari ya riga ni ɗaura takalmi.

"Ki biyo ni a baya, 'yar birni," in ji shi. "In kin gaji ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

Muka fara da fako mai gajerun ƙayoyi da busasshiyar ciyawa, sannan muka shiga inuwar manyan itatuwa. Tafiya yake kamar saurayi, ni ce ke haki. Na lura duk inda hanya ta rabu akwai bishiya mai tambarin jan fenti daidai tsayin fuska, kuma Kawu sai ya shafa ta kafin ya karkata. Na tambaye shi, ya ce ragowar fentin da yake shafa wa tumakin da ya yi wa allura ne, bai son ya bushe a banza. Na yarda, don Kawu ko igiyar buhu bai yarwa.

Muna hawa wani ɗan tudu sai rana ta dalle mana fuska a inda bai kamata a ga rana ba. Na tsaya cik. Gabanmu kututturai ne bi da bi, farare fat, ga ƙanshin ɗanyen itace, ga rassa zube sun cushe hanya. Gefe guda an jera gumagumai, kowanne da jan tambari a jikinsa.

Kawu ya miƙa hannu inda ya saba samun bishiya, hannun ya kama iska. Ya sake miƙawa. Sai a lokacin na dubi idanunsa da kyau, na ga farin da ya lulluɓe su. Ashe ja kaɗai ya rage masa yana gani sosai, da shi yake karanta dajin nan, mu kuma muna birni muna cewa Kawu garau yake.

Shugaban masu saran itace ya taso yana goge hannu. Na tare shi da masifa, ban ko amsa gaisuwarsa ba.

"Baiwar Allah, yi haƙuri," ya ce. "An turo mu rage dajin ne. Ƙa'idar aikinmu, duk wadda aka shafa wa ja, ita ake sarewa. Ni ma na yi mamakin yadda aka zaɓi masu lafiya zalla."

"Ni na shafa," in ji Kawu a hankali. "A wurinmu, wadda aka shafa wa ja ita ce ta tsira."

Mutumin ya riƙe baki. Ni kuwa na rasa wanda zan zaga.

Kawu bai yarda mun koma ba. Na riƙa janye rassa yana bin sautin takuna har muka fita gonaki. Nan ya dawo da ƙarfinsa, ya ɗora hannu kan shinge yana bi, yana faɗa mini gonar wa ce wannan, wane rago ne ya taɓa tunkuyinsa a waccan. A ƙauye mai aski ya tsokane shi, wai ya samo 'yar rakiya. Kawu ya yi dariya, amma musun ranar bai yi armashi ba.

Da muka juyo, muna isa ƙarshen shinge ya ce in tsaya nan, kada in yi tari, kada in yi motsi. Ya shiga filin kututturen shi kaɗai, kai a sama, taku ɗai-ɗai. Ya yi daidai da farko, har na fara murna. Sai ya karkata hagu, ya miƙe da cikakken tabbaci, ya ba gidansa baya, ya nufi bakin kwari. Na cije leɓe ina fatan ya gane da kansa. Bai gane ba.

"Kawu," na ce.

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye bai juyo ba.

"Ba nan ba ne, ko?"

"Ba nan ba ne."

Ya gyaɗa kai, ya jira na ƙaraso, ya lalubo kafaɗata.

"Ki gaya wa yayanki ya zo da babbar mota," ya ce. "Gadona ba zai shiga ƙarama ba."